Bukkar Agana a Gonar Malam

Ban cika shekara biyu a gidan miji ba agana ta shigo Kademi. Bazara ce, ana sharar gona, zafi ya kai inda ko kaji ba sa fitowa tsakar gida da rana. Ina ɗauke da cikin fari, ya soma turowa, ina ta ɓoye shi da zane saboda kunya.

Daga Gafasa aka kawo ni. Mu Fulanin gida ne, shanunmu sun ragu tun zamanin kakana har muka koma noma, amma halin yana nan. Gidan da aka kawo ni kuwa gidan karatu ne da noma. Uwar mijina ta rasu tun kafin aurenmu, babbar mace a gidan ita ce wata gwaggonsa, tsohuwa mai ciwon ƙafa. Surukina, wanda kowa ke kira Malam, fuskarsa duk zanzana ce, domin agana ta kama shi yana yaro ta bar shi da ransa. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, yarinya," in tashi in ba shi wuri.

Muryarsa dai na san ta fiye da fuskarsa, saboda ɗakina yana manne da zaure. Bayan la'asar yakan zauna da manyan ɗalibansa, idan an gama karatu ya rera musu waƙoƙin begen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, irin na malaman da. Murya ce siririya mai ɗan rawa, amma tana kai wa nesa.

Mijina yana da aboki, malamin firamare a Gaya, wanda kan zo a keke ranar da babu makaranta. Wata rana ina kaɗi a ɗaki na ji shi yana ba Malam labarin wasannin kwaikwayo na Turawa da suka karanta a kwaleji. Ya ce a ciki idan masoyi ya mutu, ɗayan ba ya yarda ya kwana a duniya, sai ya bi shi. Malam ya yi dariya ya ce Larabawa ma suna da mawaƙan da so ya zautar da su har suka bar gari suka shiga daji. Ya ce masana sun daɗe suna rarraba so. Akwai son ido, wanda cinsa da shansa kallo ne. Akwai ƙaunar jini, wadda ba a shawara da mutum kafin a ɗora masa. Akwai ta aboki. Sannan akwai bege, wato ka so wanda ba ka taɓa gani ba har ka yi kuka dominsa, kuma a wurinsa wannan shi ne sama da duka. Suka daɗe suna ja-in-ja cikin raha. Ni kuwa mazarina ya tsaya a hannuna ban sani ba. Cikin duk abin da suka faɗa, na masu mutuwa tare ne ya zauna mini. Yarinya ce ni, kuma ina son mijina. Mutum ne mai sanyin magana, in ya dawo kasuwa yakan ɓoyo mini rake a cikin hannun riga don kada Gwaggo ta gani ta yi masa tsiya.

Daga kasuwar Gaya ya ɗauko ciwon, ga dukkan alamu. Bayan dawowarsa da mako guda da 'yan kwanaki ya soma kukan kai da baya, jikinsa ya yi zafi kamar tukunya. Muka ɗauka zazzaɓi ne, Gwaggo ta dafa jiƙo, ni kuma ina jiƙa tsumma ina goga masa. Sai wata safiya na ga wasu jajayen ɗigo a goshinsa, ya kuma ce bakinsa yana yi masa zafi. Na gaya wa Gwaggo, ita kuma ta aika zaure.

Malam bai taɓa taka ƙofar ɗakina ba sai ran nan. Ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba, ya kama haɓar ɗansa ya juya fuskarsa wajen haske, ya sa ya buɗe baki. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Yarinya, fita. Kada ki ɗauki komai."

Ban tambaya ba. Na gane agana ce.

Malam shi kaɗai ya ɗora mijina a jaki, bai bari kowa ya taɓa ba, ya ja shi zuwa gonarsu ta bayan gari inda akwai bukkar kara da ake fakewa lokacin damina. Ya ce shi zai zauna da shi, tunda agana ba ta kama mutum sau biyu. Yaran gidan aka tura su wurin dangi a Balan. Ɗalibai suka watse. Maƙwabta suka daina shigowa ko ɗiban wuta. Gida ya rage daga ni sai Gwaggo, ita kuwa ko zaure ba ta iya kaiwa sai da sanda. Don haka Malam ya ɗage mini kulle, ya ce ni zan riƙa kai musu abinci da ruwa. Ya kafa mini doka. Akwai wata ɗorawa a bakin gonar, nesa da bukkar kamar inda za ka yi kira da ƙarfi a ji ka. A gindinta zai bar ƙoransa da tulu. In juye abinci ba tare da na taɓa su ba, in ja baya, kuma kada in tsaya ta inda iska ke busowa daga bukka.

Tsoro iri biyu ne ya riƙe ni a kwanakin nan, ban san wanda ya fi ba. Na kwana kusa da shi yana cikin zazzaɓi, na goge masa gumi da hannuna. Kullum gari ya waye sai in fito haske in duba hannuwana, in shafa goshina, in zagaya harshe cikin bakina. Ƙurajen zafi suka fito mini a wuya, na ɗauka na agana ne, sai da Gwaggo ta duba ta ce ba su ba ne. A cikin gari kuma koke-koke ba su yanke ba, yawanci na yara. Wata maƙwabciyarmu mai tsohon ciki ta kamu, ba ta daɗe ba ta tafi, ita da abin da ke cikinta. Na ji mata ta bayan danga suna cewa agana ba ta barin mai ciki. Ba su san ina ji ba, ko kuwa sun sani.

Ɗaya tsoron yana kan hanyar gona. Da na bar gidajen ƙarshe sai in kasa kunne. Malam ya ɗauki al'adar rera wa ɗansa waƙoƙin bege da hantsi, wai suna sa shi ya lafa. Idan na jiyo siririyar muryar nan daga nesa, na san mijina ya kwana da rai, sai in iya ƙarasawa. Wani lokaci iska takan juyo ta kawo mini nishinsa, da wani wari da ban taɓa jin irinsa ba, har yau kuma ban manta shi ba.

Wata rana da na juye kunu sai na kasa tafiya. Na tsaya har Malam ya fito. Ya rame, rigarsa duk tabo. Da ya gan ni ya tsaya daga nesa. Na durƙusa, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga murya ina magana da surukina.

"Baba, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi za a ce. Ƙurajen sun cika ruwa. Idan suka soma bushewa, to, mun gode Allah."

"Baba, ina so in gan shi."

"A'a."

"Ko daga bakin ƙofa ne. In tafiya zai yi, gara mu tafi tare."

Ya zauna a kan kunyar gona.

"Ashe bangon zauren nan ba shi da kauri," in ji shi. "Yarinya, masu rubuta irin wannan labarin su ba su mutu ba, sun zauna sun tsufa sun ga jikokinsu. Ke kuma ba ke kaɗai ba ce a cikin zanen nan. Jiya da hankalinsa ya dawo, abin da ya fara tambaya shi ne ko wani abu ya fito miki. Na ce babu. Ya ce in roƙe ki don Allah kada ki matso. Idonki ne ke son ganinsa, na sani. Shi kuma abin da yake so ki rayu. Sai ki zaɓi wanda za ki yi wa biyayya."

Na sunkuyar da kai ina hawaye. Na ɗauka ya gama, sai na ji ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa har sai da na kasa kunne sosai.

"Ni ma ba wani ƙarfi gare ni ba. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane kada son ɗa ya sha gaban son Mahalicci. Yanzu in na kai goshina ƙasa, fuskar yaron nan nake gani. Ina rera bege, amma rabin zuciyata tana sauraren numfashinsa. Ban san yadda za a auna mini wannan ba. Ki sa mu a addu'a."

Ya tashi ya ɗauki ƙoransa ya koma. Maganar ba ta kwantar mini da hankali ba. Da ina ganin Malam kamar katanga ne, sai ga shi shi ma a tsorace yake.

Ana cikin haka Inna ta iso daga Gafasa, a ƙasa, ita kaɗai, ƙafafunta sun yi fari fat da ƙura. Ni ce 'yarta ta fari, kuma a al'adarmu uwa ba ta nuna ta san ɗan fari. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "wannan". Ba ta taɓa zaunar da ni a cinyarta a gaban mutane ba. Kakata ce ta raine ni, har na girma ina zaton Inna ba ta damu da ni ba. Ko gaisawa da Gwaggo ba ta gama ba ta kama hannuna na hagu ta ture mayafina ta duba dantsena. Ta san abin da za ta gani, fata ce sumul babu tabo.

"Ni na jawo," ta ce da Gwaggo, ba da ni ba. Ta ba ta labari cewa tana budurwa masu lamba, wato masu rigakafin agana, suka tare su a kasuwa suka tsaga mata hannu, ya kumbura ya yi ruwa, ta kwanta zazzaɓi har aka fid da rai. Shi ya sa da suka zo garinmu ina ƙarama, ta saka ni cikin rumbu ta rufe, ta ce ba ta da ɗa.

Ta ce in shirya mu tafi Gafasa. Na ce in na tafi wa zai kai musu abinci? Ta dube ni, na dube ta, abin da ban saba ba. Washegari ta riga ni ɗaukar tulu, ta bi bayana har gindin ɗorawa, haka kuma ta riƙa yi kullum.

Ranar da ba na son tunawa, mun bar gidajen ƙarshe na kasa kunne ban ji komai ba. Na ce ko iska ce ta juya. Muka ƙara gaba, shiru. Da muka iso gindin ɗorawa sai na ga tuwon da na kawo jiya da yamma yana nan yadda na juye shi, tururuwa ta rufe shi, tulun ma ba a taɓa ba. Can sama da bukkar angulaye suna shawagi.

Na yi kira, "Baba." Na ƙara da ƙarfi. Ko motsi babu.

Ban san lokacin da ƙwaryar ta faɗi daga kaina ba. Na dai ga ina tafiya cikin gona, na wuce inda ƙoran suke, warin yana ƙaruwa, ina ganin bakin bukkar baƙi ƙirin. Sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da muryar Inna. Jin sa a bakinta ya sa na tsaya cik kamar an buge ni. Kafin in juya ta cim mini, ta riƙe ni ta baya, hannunta ɗaya a kan cikina, tana jan ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har ta mayar da ni bayan itacen.

"Zauna nan," in ji ta. "In kin tashi ban yafe ba."

"Inna, sun mutu."

"In sun mutu, ganinki ba zai tashe su ba. Ni zan duba."

"Ke ma za ki kamu."

Ta shafa tsohon tabon da ke dantsenta. "An ce wannan yana tsarewa. Yau za mu gani."

Ta ɗauki tulun ta nufi bukkar. Macen da ko hanya ba ta haɗawa da mijin 'yarta, in ta hango shi sai ta ratse, ita ce ta sunkuya ta shiga inda yake kwance ba riga. Na zauna na rungume gwiwoyina. Ban iya addu'a ba, baki ɗaya kalmomin sun gudu, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa. Abin da ke cikina ya yi ta motsi. Inuwar ɗorawa ta matsa ta bar ni a rana ban kula ba.

Da ta fito sai ta tsaya daga nesa, inda Malam yakan tsaya.

"Duk suna da rai," ta ce. "Tsohon ne ya faɗi, zazzaɓi da ƙishirwa. Ya sha ruwa, ya buɗe ido. Shi kuma ɗayan ƙurajensa sun soma yin ɓawo. Koma gida ki dama kunu mai ruwa-ruwa ki kawo. Ni na zauna nan ke nan, ba zan ƙara matsowa kusa da ke ba sai an gama."

Daga ranar na koma kai abincin mutum uku, tsorona ma ya ƙaru da mutum ɗaya. Kullum in Inna ta fito ɗaukar ƙore sai in ƙura wa fuskarta ido daga nesa ina neman ɗigo. Ita kuwa ta koma halinta, "ke" take ce mini, ta yi faɗan kunu ya yi kauri ko gishiri ya yi yawa.

Abokin nan na mijina bai daina zuwa ba. Yakan ajiye gero da kanwa a zaure ya yi sallama daga waje ya tafi. Shi ne kuma ya kai maganar annobar ga ma'aikatan lafiya a Gaya, abin da mutanen gari suka yi ta ɓoyewa don tsoron duba-gari masu binciken gidaje. Wasu sun daɗe ba sa amsa gaisuwarsa saboda haka. Masu lamba suka zo da mota suka tsaya a ƙofar gidan dagaci, da wani ƙarfe mai kama da bindiga da suke dannawa a dantse. Na gaya wa Inna daga gindin ɗorawa, ina zaton za ta hana. Ta ce, "Tafi yanzu, ki shiga gaba." Na je aka yi mini. Hannun ya kumbura, na yi zazzaɓi na kwana biyu, ya wuce.

Sai da ɓawon ƙarshe ya faɗi Malam ya yarda su dawo. Lokacin hadari ya soma haɗuwa a gabas. Suka ƙone bukkar da tabarmi da duk tufafin da suka sa, suka yi wanka a gona, na kai musu wasu kayan na ajiye a gindin itacen. Inna ba ta kamu ba. Malam ya dawo a kan jaki, mijina yana tafe a hankali yana dafa kafaɗar abokinsa, ya rufe fuska da rawani.

A ɗaki ya warware rawanin. Na yi ta shirya zuciyata tun kwanaki, amma da na gani sai da na ja da baya har na bugi bango. Fuskar da na sani babu ita. Ramuka ne jajaye tun daga goshi har wuya, girarsa ta zube, idonsa na hagu ya yi fari kamar an ɗiga nono. Ya ga abin da na yi. Ya mayar da rawanin a hankali ya ce, "Kada ki tilasta wa kanki. Ni ma da na leƙa cikin ruwa sai da na tsorata."

Muryarsa ce, ba ta canza ba ko kaɗan. Na rufe ido na ce ya ƙara magana. Ya tambaye ni ko ina cin abinci, ko ƙafata tana kumbura, ko akuyar Gwaggo ta haihu. Ina amsawa ido a rufe har numfashina ya daidaita. Kwanaki da dama haka muka yi, in zai yi hira da ni sai in dubi hannunsa ko ƙasa. Ban san ranar da na daina ba.

Inna ta zauna har aka yi shuka, sannan ta tafi da ni Gafasa goyon ciki. Ita da mijina suka koma wasan ɓuya kamar ba ita ta yi ta ba shi kunu a baki ba. Da kaka na haifi mace. Malam ya matsa sai an kawo shi suna duk da jikinsa bai koma daidai ba, ya karɓe ta ya yi mata addu'a mai tsawo. Bai ga yayenta ba, Allah ya yi masa rasuwa da damina ta zagayo.

Yarinyar ta tashi ba ta san ubanta da wata fuska ba sai wannan. In ya dawo gona ya ɗauke ta, sai ta riƙa sa ɗan yatsanta cikin ramukan kumatunsa ɗaya bayan ɗaya tana gwaranci, shi kuma ya tsaya cik har ta gaji. Maza masu sumul ɗin fuska ne take wa ƙyuya, in sun miƙo hannu ta ɓoye kai a wuyansa.